Babi na Biyar: Ƙarfe Ɗayan Dare a Shagon Tako

Me zai fitar da mutum mai hankalinsa daga gida da tsakar dare, ya taka har bakin titi, ya tsaya cikin hayaƙi yana cin abinci da hannu, alhali akwai tukunya a gidansu? Iyaye mata sun daɗe suna yi wa samari wannan tambayar in sun ga sun sulale zuwa teburin mai shayi ko wajen mai tsire. A birnin Meksiko ma, can ƙetaren teku, ana yin ta. Sai dai a can abin da ke fitar da mutane sunansa tako, shagon da ake sayar da shi takeriya, mai sana'ar kuma takero. Yunwa kaɗai ba ta isa amsa ba, don mai jin yunwa zai iya jiƙa abin da ya samu a gida ya kwanta. Bari mu bi dare ɗaya a irin wannan shago, daga faifan farko har zuwa lissafi, mu ga abin da ke jan su.

Loma uku a tafin hannu

Tako abu ne mai sauƙin fasali. Ana ɗaukar tortiya, wato wata siririyar gurasa ta masara mai laushi wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, a zuba mata yankakken nama, a barbaɗa albasa da wani ɗanyen ganye mai ƙamshi da suke kira silantiro, a matsa lemon tsami, a ɗiga miyar barkono, a ninke biyu. Loma biyu ko uku ya ƙare. Shi ya sa ba a sayen ɗaya. Mutum yakan fara da uku, ya ga yadda ciki zai ce.

Asirin yana cikin tortiyar. A kudancin Meksiko aka fara noman masara, wajen shekara 9,000 da suka wuce, kuma mutanen can sun gano wata dabara tun kafin Turawa su san da su. Suna dafa tsabar masara cikin ruwan da aka sa wa toka ko ƙonanniyar farar ƙasa, su bar ta ta kwana a jiƙe, su wanke, sannan su markaɗa ta da danshinta. Sunan wannan jiƙaƙƙiyar masara nistamal, kalmar da ta fito daga harshen Nahuwatil na mutanen Aztek, kuma rabinta na farko ma'anarsa toka. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ta san irin aikin da wannan ruwa ke yi. Yana saɓule ɓawon, ya sa ƙullin ya yi danƙo har a iya murza shi siriri bai karye ba. Yana kuma sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara, jiki ya samu ya amfana. Turawan da suka kwashi masara suka bar dabarar sun ɗanɗana kuɗarsu: talakawan arewacin Italiya da na jihohin kudancin ƙasar Amurka, waɗanda masara ta zama cimarsu safe da yamma, sun sha fama da cutar pelagira mai lalata fata da ruɗa hankali.

Ƙullin da aka markaɗa, da harshen Sifaniyanci sunansa masa. Bahaushe zai yi murmushi, don shi ma yana da tasa masar, amma dacewar suna ce kawai.

Abin da ake zubawa a kai kuwa, yawancinsa baƙo ne. Saniya da tunkiya da alade, da silantiro da lemon tsami, duk bayan Sifaniyawa sun ci birnin Aztek a 1521 suka shigo ƙasar. Masara da barkono da tumatir su ne 'yan gida. Kowane tako ɗaya, ashe, auren baƙo da ɗan gari ne.

Kowane tako da lokacinsa

Babban abincin mutanen Meksiko na rana ne, tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 4. Wanda ya cika ciki a wannan lokaci ba zai nemi wani abu ba sai dare ya yi nisa, kuma abin da zai nema mara nauyi ne. Nan tako ya samu gurbinsa.

Kamar yadda ba a neman koko da ƙosai bayan isha'i, haka su ma suka raba takonsu bisa agogo. Da safe masu kekuna ke yawo da kwando cike da tako mai laushi da aka jera aka lulluɓe ya turara kansa. Ranakun Asabar da Lahadi da hantsi ake cin barbakowa, naman tunkiya da ake naɗewa da ganyen wani tsiro mai kama da zabuwa, a binne a rami mai garwashi ya kwana yana dahuwa. Jihar Hidalgo ta yi suna a kansa. Dare kuwa na gasasshen nama ne da soyayye.

Birnin Meksiko da kewayensa na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma yana kan tudu mai tsayin mita 2,240, don haka dare yakan zo da ɗan sanyi ko da rana ta yi zafi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa ƙarfe 12 na dare. Daga nan titi ya zama na direbobin tasi, da ma'aikatan jinya da suka tashi daga aiki, da masu gadi, da 'yan sanda masu sintiri, da ɗalibai, da waɗanda suka taso daga biki ko gidan rawa. Duk waɗannan suna buƙatar abu mai zafi, mai araha, wanda ba sai an jira ba. A unguwar Narvarte akwai wani wuri mai suna El Vilsito: da rana garejin gyaran mota ne, in dare ya yi sai a kawar da kayan aiki, a kunna wuta, ya koma shagon tako har kusan asuba.

Abin da ido zai fara gani

Mu ɗauka ka sauka a wata unguwa ƙarfe ɗayan dare. Duk shaguna sun ja ƙofofinsu na ƙarfe, sai wuri ɗaya da farin ƙwan lantarki ya haske har tsakiyar titi. Hanci ne zai riga ido isa: kitse a kan wuta, albasa tana ƙonewa, ƙamshin masara mai ɗumi. Shagon bai fi ɗaki ɗaya ba. Akwai kujerun roba huɗu ko biyar, amma yawancin mutane a tsaye suke, kowa da farantin roba a hannu. An sa kowane faranti cikin leda. In ka gama a zare ledar a sa sabuwa, an huta da wanke-wanke.

A bakin ƙofa akwai wani faffaɗan kasko na ƙarfe mai tudu a tsakiya, sai ka ce an ajiye malafa. A zagayen, cikin mai da romo, nama iri-iri ke tafasa a hankali tun magariba. A kan tudun ake ɗumama tortiya. Kusa da shi gungumen itace ne wanda wuƙa ta cinye tsakiyarsa har ya yi kwari kamar akushi. Takero zai tsamo tsoka ya ɗora a kai, ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, kafin ka ƙifta ido ya tsoma gefen tortiya biyu a mai, ya kwashe naman da su, ya miƙo. Biyu ake haɗawa, don in ta ciki ta jiƙe ta yage, ta waje ta riƙe, abin da ya zubo kuma a kwashe da ita.

Ba ya kallon hannunsa. Idonsa na kan jama'a, yana tambayar kowa nawa zai ci. Zai kira ka "hoben", wato saurayi, ko da furfura ta cika maka kai, ko "gwero", wato fari, ko da ka fi tukunya baƙi. Kai kuma ka ce masa "hefe", shugaba. Irin zolayar da ke sa mai tsire ya kira yaro ɗan sakandare Alhaji ce. Tambaya ta biyu ita ce "kon todo?", ma'ana, a sa komai? In ka gyaɗa kai, albasa da silantiro ke nan.

Cin ma da ladabinsa. Ana kama tako da yatsu uku, a ɗan sunkuya gaba don kada romo ya ɗiga a riga, a karkata kai gefe a tari lomar. Tako yana nan a miƙe, kai ne ke zuwa wajensa. Ba a ajiye shi ya huce, ba a neman cokali. Wanda ya gama zai wuce ta gabanka ya ce "probecho", kamar a ce a ci lafiya, ko da bai taɓa ganinka ba.

Katantanwar da ta zo daga Gabas

A yawancin shagunan dare, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne wani tulin jan nama da aka soke a tsayayyen ƙarfe yana juyawa gaban wuta, sama faɗi ƙasa tsini, da abarba a ƙoƙoluwarsa. Suna kiransa "trompo", sunan abin wasan yara da ake murzawa ya yi ta juyi, kamar katantanwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai shawarma zai ce ai na san wannan. Bai yi kuskure ba.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, dubban mutane suka bar ƙasar Sham, akasarinsu Kiristocin Labanan, suka bazu duniya neman arziki. Wannan guguwar ce ta kawo Kwarori Kano, ita ce kuma ta kai 'yan uwansu Meksiko. Mahaifin hamshaƙin attajirin nan Carlos Slim yana cikinsu. A birnin Puebla, wajen shekarun 1930, wasu daga cikin baƙin Gabas ta Tsakiya suka fara sayar da nama gasasshe a tsaye, a naɗe cikin gurasar alkama. Har yau ana sayar da shi da sunan takon Larabawa. Da sana'ar ta shiga hannun 'yan ƙasa, sai aka sauya naman, aka jiƙa shi da jan barkono da wani jan iri mai suna aciyote, aka mayar da shi kan tortiyar masara, aka ƙara abarba. Zuwa shekarun 1960 ya kama birnin Meksiko da sunan "al pastor", wato irin na makiyayi.

Gwanin trompo ɗan wasa ne. Da doguwar wuƙa zai shafto gefen da ya gasu, naman ya faɗo kan tortiyar da ke hannunsa na hagu, sannan ya kai wuƙar sama ya fizgi ɗan yankin abarba, ya yi tsalle a iska, ya tare shi da takon ba tare da ya duba ba. Yara kan tsaya kallo baki buɗe.

Matambayi ba ya ɓata

Nan fa sai Musulmi ya yi hattara, don naman da aka sauya ɗin nan alade ne. Makiyayin da ke cikin sunan ba ya nufin rago. Al pastor alade ne, karnitas na jihar Michoacán alade ne da aka dafa cikin kitsensa, jan tsiran-hanji da suke kira coriso ko longanisa shi ma haka.

Na saniya suna da yawa: asada, gasasshiyar tsoka, suwadero, wani siririn nama da ke tsakanin ciki da cinya, sai harshe, da kai, da hanji. Biriya ta jihar Jalisco asalinta naman akuya ne cikin romo mai barkono. Amma ka tuna da kaskon nan mai kama da malafa. A shaguna da yawa, suwadero da longanisa a mai ɗaya suke iyo, wuƙa ɗaya ke sara su a gungume ɗaya. Wake da aka dama aka soya sau da yawa da man alade ake yinsa, haka ma tortiyar alkama ta arewacin ƙasar. Tortiyar masara ita kam ba a sa mata mai a ƙulli, sai dai abin da ta taɓa a kasko. Ga kuma batun yanka, a ƙasar da Musulmi ba su da yawa ko kaɗan.

Kalmomi uku za su yi wa baƙo amfani: "res" saniya, "puwerko" alade, "manteka" man alade. Takero ba ya jin haushin tambaya, kuma ba abin da yake ɓoyewa, tunda a gabanka yake komai. Wanda ya ga abin bai kwanta masa ba yana da mafita: akwai takon dankali, da na naman kaza irin wanda ke tsirowa a ƙasa, da na ganyen nopal, wani tsiro mai ƙaya da ake fere shi a gasa, mai yauƙi kamar kuɓewa. A garuruwan bakin teku irin su Ensenada, takon kifi ne abin alfaharinsu. Su ma dai a tambayi da wane mai aka yi.

Ja, kore, da zoɓo

A kan kanta akwai kwanuka jere: yankakken lemon tsami, kokwamba, gasasshiyar albasa, da miyar barkono aƙalla kala biyu. Wannan miya, salsa, ita ce yajin mai tsire. Nama ɗaya kowa ke saya a kasuwa, amma haɗin salsa sirrin gida ne, kuma saboda ita mutum ke tsallake shago uku ya je na huɗu. Ja yawanci ta busasshen barkono ce. Koriya kuma ta wani ɗan kore ne mai tsami da ke cikin ɓawo kamar takarda, dangin tumatir, da ɗanyen barkono. Baƙi kan ɗauka koriyar ce mai sauƙi, su kwarara, su yi ta hawaye. In kuma ka tambayi ɗan gari ya ce ba ta da zafi, ka tuna harshensa ya saba tun yana goye. Ɗiga ɗaya a bayan hannu ka lasa tukuna.

Wajen abin sha kuwa Bahaushe zai ji kamar yana gida. Manyan tuluna na gilashi uku ne galibi. Mai ruwan ƙasa-ƙasa na tsamiya ne. Fari sunansa orcata, na shinkafa da kirfa. A ƙasar Sifen inda sunan ya fito, da aya ake yinsa, wato kunun aya sak. Ja ɗin kuma, wanda suke kira ruwan hamaika, zoɓo ne, ba wani bambanci. Abin da ake nomawa a Meksiko ba ya isarsu, sai sun sayo daga waje, kuma Najeriya da Sudan suna cikin masu sayar musu. Buhunan busasshen zoɓo daga Jigawa da Kano suna hawa jirgin ruwa zuwa can. Mai yiwuwa kofin da direban tasi ke kurɓa ƙarfe biyun dare a birnin Meksiko, wata baiwar Allah ce ta tsinke furensa a gonar da ba ta da nisa da Maigatari.

Nawa ka ci?

Yanzu ka ƙoshi. Ka ci uku, ka ƙara biyu, ka sake ƙara ɗaya saboda na kusa da kai ya yaba harshe. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya karɓi kuɗinka tun farko. Sai ka matsa wajen mai karɓar kuɗi, wanda a shaguna da yawa mutum ne dabam don kada hannun da ke taɓa nama ya taɓa kuɗi, ya tambaye ka: nawa ne? Kai za ka faɗa. Shida da zoɓo ɗaya. Ya lissafa, ka biya, ka tafi.

A birni mai mutum miliyan 20, inda kowa ke riƙe jakarsa da kyau a cikin jirgi, ga wuri guda da ake karɓar maganar baƙo a kan abin da ya shiga cikinsa. Ba a rasa mai rage ɗaya, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima; takero da ya shekara ashirin a bakin wuta ya san wanda ya ci shida ya ce huɗu. Amma tsarin ya ɗore saboda shagon na unguwa ne. Wanda ya ci yau zai dawo jibi. Shi ma mai shagon amanar ce jarinsa: in namansa ya taɓa ɓata wa mutum ciki, kafin azahar unguwa ta ji. Shi ya sa 'yan gari ke ba baƙo shawara ɗaya, ya je inda ya ga layi. Inda ake layi nama ba ya kwana.

Tauraro a bakin titi

A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin kayan gadon ɗan Adam. A watan Mayun 2024 kuma littafin Michelin na Faransa, wanda taurarinsa manyan gidajen abinci ke mafarki, ya ba da tauraro ga El Califa de León, wani ɗan shagon tako a unguwar San Rafael da aka buɗe a 1968. Tako iri huɗu kacal yake sayarwa, kuma a tsaye ake ci. Nama, gishiri, lemon tsami, tortiyar da aka murza yanzu. Washegari layi ya zagaye titi, tsofaffin masu zuwa suna ƙorafin baƙi sun hana su cin abincinsu.

Ƙorafin nasu ya dawo da mu kan tambayar iyaye mata. A gida akwai abinci, amma babu wutar da ke ci don kowa. A shagon tako, lauya da rigarsa ta kwat da mai shara da tsintsiyarsa kafaɗa ɗaya suke tsayawa, su miƙa hannu kwano ɗaya na lemon tsami, takero ya kira su duka saurayi. Mutum ya ga abincinsa tun yana ɗanye har ya iso hannunsa da zafi, a tambaye shi nawa ya ci, a yarda da shi. Wanda ya wuni ana ba shi umarni a wajen aiki, minti goma sha biyar na irin wannan sun isa su sa ya ɗaura takalmi da tsakar dare. Samarinmu da ke zagaye da teburin mai shayi sun san haka ko ba su iya faɗa ba.

Saura abu ɗaya da muka ɗiga a bayan hannu muka wuce: barkono. Shi ma ɗan wancan ɓangaren duniya ne, kuma kafin jiragen Turawa su ƙetare teku babu ko ƙwayarsa a Afirka da Asiya. To da me kakanninmu ke yaji kafin zuwansa, kuma ta wace hanya ya bi har ya zama ba a iya tunanin tsire ko miyar kuka ba tare da shi ba? Babi na gaba zai bi sawunsa, daga gonakin Meksiko zuwa turmin dakan yaji.